Gayyar Manyan Kwamfutoci: Me Kazaure da Babura Za Su Kai?



An nemi in yi magana kan yadda ƙasashe ke haɗa hannu wajen gina manyan kwamfutocin binciken kimiyya. Na san akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan biri da gada? To, ku tuna garin nan ba baƙo ba ne a wannan harka. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, an kafa makarantar Informatics a nan Kazaure da haɗin gwiwar wani kamfanin ilimi na Singafo, a lokacin da yawancin ma'aikatun arewa keken rubutu suke bugawa. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Makarantu uku a ɗan wannan tsakanin ba abin wasa ba ne.

Bari mu fara da amfanin abin, kada a ɗauka ado ne. Manomin gero a Gwiwa tambaya ɗaya ke damunsa a watan Yuni: ruwan nan da ya sauka, shi ne na shuka, ko kuwa na yaudara ne? Masu hasashen yanayi suna amsa irin wannan ne ta hanyar yanyanka sararin samaniya gida-gida a cikin kwamfuta, su lissafa zafi da iska da laimar kowane gida, su matsa gaba da 'yan mintoci, su sake lissafi. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, wadda ƙasashe da dama suka yi karo-karo suka kafa a 1975, faɗin kowane gida a lissafinta kusan kilomita 9 ne. Amma hadarinmu kun san halinsa: sai a sheƙa ruwa a Roni, a Gwiwa ko ɗigo babu. Kafin a kama irin wannan hadari sai an ƙara matse gidajen, kuma duk sanda ka rage faɗinsu da rabi, aikin lissafin yakan ninku kusan sau takwas. Abin da ya sa ake buƙatar dubban kwamfutoci a jone wuri guda, suna aiki kamar ɗaya, ke nan.

Tsadar abin kuwa ta sa har masu kuɗi ba sa yi su kaɗai. A 2018 ƙasashen Turai suka kafa shirin EuroHPC. Ɗaya daga cikin manyan na'urorinsu, LUMI, tana Kajaani, wani ƙaramin gari a Finlan, cikin tsohuwar masana'antar takarda. Ƙasashe da yawa suka zuba kuɗi, kowace tana da rabonta na lokacin aiki. Me ya kai su can? Wutar lantarki mai araha daga ruwa, da sanyin da ke huce na'urar, har zafin da take fitarwa ake ɗumama gidajen garin da shi. Haka ma cibiyar CERN da ke Janeba: bayanan da suka kai ga gano ƙwayar Higgs a 2012 ba a ɗaki ɗaya aka tace su ba, an rarraba su ne ga cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe da dama. Gayya ce sosai, kowa da fartanyarsa, kuma wanda ya zo hannu rabbana ba ya cikin lissafi.

Saboda haka ni ban goyi bayan mu je Abuja neman a gina mana katafariyar kwamfuta a Kazaure ba. Frontier ta Amurka, wadda ta fara aiki a 2022, tana shan wuta sama da megawat 20. Mu kuwa ba mu manta watan Oktoban 2024 ba, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. Ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu. Na'ura irin wannan a nan, shekara biyu ta zama ɗakin ajiyar ƙarfe.

Misalin da ya fi kusa da mu na Afirka ta Kudu ne. Cibiyarsu ta CHPC da ke Kef Tawun ta ƙaddamar da babbar kwamfutarta Lengau a 2016, amma abin da ya fi burge ni ya riga wannan. Da jami'ar Tekzas ta yi wa na'urarta mai suna Ranger ritaya a 2013, ba a sayar da ita ga 'yan gwangwan ba. An kwance ta, aka loda a jirgin ruwa, aka rarraba sassanta ga jami'o'i a Afirka ta Kudu da Botswana da Tanzaniya. Tsohuwa ce, babu musu. Amma a kanta matasa suka koyi aikin da babu littafin da ke koyar da shi: yadda ake jona na'ura da na'ura, yadda mai bincike ke aika aikinsa ya shiga layi, manhajar rabon aiki ta ba shi na'urori goma na awa shida, da yadda ake gano wadda ta mutu cikin dare ba tare da an kashe sauran ba. A 2013 da 2014 ɗaliban Afirka ta Kudu ne suka zo na ɗaya a gasar haɗa irin waɗannan na'urori da ake yi a Jamus, a gaban Sin da Amurka. Irin wannan aikin kam bai fi ƙarfin Babura ba. Ɗaki ɗaya, na'urori ashirin na hannu, sola da batur, da ma'aikata biyu da ake biya albashin da zai hana banki ko kamfanin waya ɗauke su. Na ƙarshen nan shi ne mai wuyar, ya shugabannin makarantu.

Sai waya. Malamin da ke Babura zai iya aiki da na'urar da ke Kef Tawun yana zaune a ofishinsa, in dai hanyar tana da faɗi. Najeriya na da NgREN, layin da aka ƙaddamar a 2014 don haɗa jami'o'i, akwai WACREN ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya mai ofishi a Akara, ita kuma tana jone da GÉANT ta Turai. Sai dai wayoyin ƙarƙashin teku, su MainOne da Equiano, a Legas suke sauka, mu kuma muna bakin iyakar Nijar. Makarantun nan uku, maimakon kowace ta sayi data ita kaɗai, su nemi layi guda tare.

Yanzu ga abin da za mu kai, wanda Finlan ba ta da shi. Duk girman kwamfuta, abin da aka zuba mata shi take lissafawa, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha nanata cewa Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin awon yanayi. Shi ya sa a 2006 masanan Faransa da Ingila suka kwaso jirage da na'urori zuwa Yamai a ƙarƙashin shirin AMMA, don kawai su auna daminarmu. Cibiyar AGRHYMET ma tana can Yamai tun 1974, kusa da mu fiye da Legas. A ce kowace sakandare a Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura tana da ma'aunin ruwan sama, ɗalibi ya duba kowace safiya ya rubuta, a tara a wuri guda shekara goma ba fashi, a kuma haɗa da ranakun shuka da yawan amfanin da aka girba. Duk mai binciken daminar Sahel sai ya biyo ta kanmu. A nan ne za mu yi ciniki: ga bayananmu, a ba ɗalibanmu lokaci a kan na'urarku, a sa sunayen malamanmu a kan sakamakon, a kuma bar kwafin komai a nan gida. A rubuta wannan sharaɗi cikin yarjejeniya tun kafin bayanan su bar Jigawa, a kuma kai wa hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, tsarin awon ta duba shi kafin a kafa ma'aunin farko, domin alƙaluman su karɓu a ko'ina.