Amsoshin Wasiƙunku: Wai Shirmen Yaro Ne Asalin Kalmar Google?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Zurgu, can ƙasar Rano. Ya ce gardama ce ta kaure a majalisarsu. Ɗansa ya ce kalmar Google da ake ji a bakin masu waya asalinta shirmen yaro ne, shi kuwa ya ƙaryata shi a bainar jama'a. Yana so mu raba gardama.

To Malam, sai haƙuri, ɗanka ya fi ka gaskiya. A 1920 wani masanin lissafi a Amurka, Edward Kasner, yana neman sunan da zai raɗa wa wata lamba, wato 1 da sifiri 100 a bayanta. Sai ya tambayi wani yaro cikin danginsa mai shekara 9. Yaro ya buɗe baki ya ce "googol", kalmar da ba ta da ma'ana ko kaɗan. Kasner ya sa ta a littafinsa na 1940, malamai suka ɗauka. A 1998 Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfaninsu, suka ɗan sauya rubutun, ya zama Google. Zuwa 2006 har ƙamus na Oxford ya karɓe ta, da ma'anar bincike a intanet.

Sirrin abin shi ne, kalma ba ta zama sai ta tarar da gurbi, wato ga abu sabo, babu suna. Dubi nan gida Kano. A Daidaita Sahu sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Da aka kawo babura masu ƙafa uku a ƙarƙashin shirin, sai jama'a suka liƙa musu sunan. Yau ko a Kibiya ka ce "adaidaita", abin hawa za a nuna maka. Zaurancen yara kuwa, da yake babu gurbin da ya cike, a dandali yake tsayawa.

Saboda haka Malam, tunda a majalisa ka ƙaryata yaron nan, a majalisa ya kamata ka wanke shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A gaida mana mutanen Zurgu, Allah ya ba da kasuwa.