Jawabi Kan Fasfon Jariri da Hotonsa

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawa, da 'yan'uwa mazauna Kontagora. Kwamitinmu na 'yan kasuwa aka ɗora wa wannan bayani, saboda abin da ya sami wani ɗan'uwanmu a azumin da ya wuce. Ya biya kuɗin Umara shi da maiɗakinsa, ga ta da goyon wata biyar, yana zaton za a rubuta yaron cikin fasfon uwa kamar yadda aka yi masa shi da mahaifiyarsa. Sai da tafiya ta rage kwana goma ya gane ba haka ba ne. Ƙarshe shi kaɗai ya tafi, ita ta zauna da yaro, kuɗin tikiti kuma bai dawo duka ba.

To, wancan zamani ya wuce. Tun da Nijeriya ta koma fasfo mai na'ura a 2007, kowane rai da nasa fasfo, ko da jiya aka yi masa suna. Fasfon alhazai ma da muka sani a da, Saudiyya ta daina karɓarsa tun 2009.

Tushen komai takardar haihuwa ce ta Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Katin asibiti ba ya tsayawa a madadinta. Dokar 1992 ta ce a yi wa yaro rajista cikin kwana 60 da haihuwa, amma mu nan sai mu yanka rago, a yi aski, a ci a watse, takarda kuwa sai ranar da buƙata ta taso. Daga ita sai lambar NIN ta yaron, wadda ake haɗawa da ta uba ko ta uwa. Sannan takardar amincewar iyaye, da kwafin shaidar wanda ya sa hannu.

A nan fa mu da muka zo daga Katsina, Kano, Zamfara da Sakkwato sai mu kula. A fom akwai wurin jihar asali da ƙaramar hukuma, akwai wurin haihuwa daban. Yaro an haife shi a Kontagora, asalin ubansa Funtuwa: kowanne a rubuta shi a gurbinsa. Haka suna. In an sa Muhammad a takardar haihuwa, kada a koma Mohammed a NIN, harafi ɗaya yana iya mayar da mutum gida.

Kuɗin kuwa, daga 1 ga Satumba 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma Naira 100,000, bayan a 2024 yana 50,000. Yaro na shekara biyar ɗin ake ba shi, don kamanninsa na canzawa. Ta intanet ake cika fom a biya, don haka babu dalilin damƙa wa ɗan cuwa-cuwa kuɗi a hannu.

Sai hoto, wanda shi ne mai ba da wahala. Tun 2024 mai nema ke ɗora hotonsa tare da fom, na'ura kuma ba ta san rarrashi ba. Ana son bayan hoton fari fat, fuska ta dubi gaba sosai, ba inuwa, ba kowa a ciki sai yaron. Yatsan uwa in ya leƙo ta bayan wuya, an ƙi shi. A cire hula, a cire laya da duk wani abin wuya, kada a bar masa abin tsotso a baki. Iyayenmu mata, don Allah ranar a haƙura da kwalli da hoda, mun san kwalliya ce, amma fuskar da Allah ya yi masa ake nema.

Dabarar da muka gwada ta yi: a shimfiɗa farin ƙyalle marar zane a kan tabarma, a bakin zaure da hantsi inda haske yake amma rana ba ta dukansa. A kwantar da yaro rigingine, mai ɗauka ya tsaya ta samansa. A bari ya sha nono ya yi gyatsa tukuna, kafin barci ya ɗebe shi. Wani ya kaɗa makulli ta bayan wayar don ya buɗe ido ya dubo. A ɗauki ashirin, a zaɓi ɗaya. Kada kuma a bar mai shago ya goge ko ya ƙara masa haske da kwamfuta.

Duk da haka sai an kai yaron da kansa ofishin shige-da-fice ranar da aka ba ku. Wanda zai je Minna, ya san hanyar Tegina da Zungeru, kusan kilomita 200 ce da mai shayarwa a mota. A yi sammako, a riƙe takardu na asali da kwafinsu, da farin ƙyallen nan a jaka. Mai niyyar Umarar azumi mai zuwa, ya fara tun watan Rajab bai kama ba. Wanda fom ya gagara, ya same mu bayan sallar La'asar ran Asabar, yaranmu za su cika masa.