Nahawun Kwamfuta: Nasiha Ga Mai Fara Koyon Rubuta Manhaja



Mai yiwuwa wani ya yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. To, harshe ne ya haɗa mu. Mai rubuta manhaja magana yake yi da na'ura, kuma kowane harshe da yake amfani da shi yana da nahawunsa. Hasali ma, rabe-raben nahawu da Noam Chomsky ya yi a 1956 suna cikin tubalan da aka gina nazarin waɗannan harsuna a kansu. Sai dai Bahaushe yana gane habaici, in ka yi tuntuɓen harshe ya gyara maka a zuci. Ita kuwa kwamfuta iyakar abin da ka faɗa shi take aikatawa, ba ruwanta da nufinka. Daga nan nasihohina suka tsiro.

Ta farko, a riƙe harshe ɗaya. Harsunan suna da yawa: FORTRAN ya fito a 1957, C a 1972, Python kuwa Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar da shi a 1991. Mai koyo yakan ji an yabi wannan ya saki wancan, alhali taura biyu ba ta taunuwa. Python ya dace da mafari domin jimlolinsa gajeru ne, kuma wanda ya laƙanci harshe ɗaya, na biyu ba ya ba shi wuya.

Ta biyu, a warware matsala da Hausa kafin a taɓa na'ura. Kalmar algoridim, wato jerin matakan warware matsala, daga sunan Alkhawarizmi ta samo asali, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Alal misali, akawun da zai tsara lissafin albashi ya fara rubutawa a takarda: a ɗauki albashin wata, a ƙara alawus, a cire haraji da kuɗin fansho. Wanda ya kasa bayyana aikinsa ga ɗan'uwansa, ba zai iya bayyana shi ga na'ura ba.

Ta uku, kada a raina ƙaramin kuskure. Ƙugiya ɗaya ce ta raba "kasa" da "ƙasa". A 1999 Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas, domin wani sashe ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗayan kuma yana zaton na mita ne. A ofis kuwa, sifiri ɗaya da ya ɓata ya isa ya hana magidanci cefanen wata. Saboda haka a rubuta kaɗan, a gwada, a karanta saƙon kuskure a tsanake, sannan a ci gaba.

Ta huɗu, a koyi ladabin tambaya. Matambayi ba ya ɓata, amma sai tambayarsa ta tsaya a kan batu guda. Ka faɗi abin da kake so ya faru, ka nuna abin da ka rubuta, ka faɗi abin da na'ura ta mayar maka. Wanda ya cakuɗa wannan da ƙorafin tsadar kwamfuta ya ɓata lokacin malaminsa da na abokan karatunsa.

Daga ƙarshe, tun fitowar ChatGPT a 2022 ɗalibai da dama suke sa na'ura ta rubuta musu manhaja. Ba laifi a nemi taimako, amma ita ma tana kuskure, kuma ranar da albashi ya rikice mutum hukuma za ta tuhuma. Kada ka miƙa aikin da ba za ka iya karanta shi layi-layi ba.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani.