Kaska, Ragon Layya da Zazzaɓin da ba Maleriya ba

Yau hirarmu kan kaska ce. Eh, kaskar nan dai da Bahaushe yake mata kirari da raɓi mai jini.

Abin da ya kawo maganar shi ne wani abokina a Gyaɗi-Gyaɗi. Gab da Babbar Sallah ya je kasuwar 'Yan Awaki da ke Unguwa Uku ya sayo rago, ya ɗaure a tsakar gida. Shi ke ba shi dusa, shi ke masa wanka. Bayan kamar mako guda sai zazzaɓi da ciwon kai suka kwantar da shi. Kun san halinmu, kowane zazzaɓi maleriya ne. Ya sha magani har ya ƙare, shiru. Sai da likita ya duba shi sosai ya ga wani baƙin ɓawon gyambo a bayan gwiwarsa, ga kuma kaluluwa a matsematsinsa. Nan ya tambaye shi, "Kana mu'amala da dabbobi?"

To, ga abin da ke faruwa. Akwai wata kaska da ke damun shanu da tumaki a ƙasar nan, masana na kiranta Amblyomma variegatum. Namijin yana da ado a bayansa, ƙafafunsa kuma da zane-zane. Ita ce ke ɗauke da wata ƙwayar bakteriya mai suna Rickettsia africae. Wannan ƙwaya tana da rauni guda ɗaya: ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jikinka, musamman waɗanda suka shimfiɗe a bangon jijiyoyin jini. Jini kuwa gudu yake. To yaya za a yi ta tsaya, har ta shiga?

A nan furotin ɗin da ke fatar jikinta suke aiki. Manyan su biyu ne, OmpA da OmpB. Ku ɗauka kamar ƙarangiya ce. Ka bi ta gona, ta maƙale maka a wando, ba don tana da hannu ba, sai don ƙayoyin da ke jikinta. Haka waɗannan furotin suke kama bangon jijiya. Amma aikinsu ya wuce na ƙarangiya. A shekarar 2005, masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka yi aiki kan wata 'yar'uwarta, Rickettsia conorii, suka gano OmpB yana kama wani furotin namu mai suna Ku70. Da zarar sun haɗu, ƙwayar halittar da kanta take naɗo fatarta ta haɗiye bakteriyar. Wato mai gida ne da hannunsa ya buɗe wa ɓarawo ƙofa, ya ce bismillah.

Idan ta shiga, sai ta yi ta hayayyafa, ta tsallaka maƙwabta, jijiyar ta kumbura. Wannan baƙin ɓawon da likita ya gani, shi ne daidai inda kaskar ta ciza, inda ɓarnar ta faro.

Kun ga dalilin da maganin maleriya bai yi komai ba, don cutar daban ce. Irin su amoxicillin da muke saurin saya a kemis ma ba sa yi mata. Ana buƙatar maganin da ke bin ta har cikin ɓoyonta, galibi doxycycline, shi ma likita ne zai rubuta. Abokin nawa kwana kaɗan ya yi a kai ya miƙe, Alhamdulillahi.

Dabbobin ma ba su tsira ba. Wannan kaska dai ita ke sa musu Ehrlichia ruminantium, wadda ke tara ruwa a kewayen zuciya. Sai ka ga tunkiya tana zagaye, tana faɗuwa tana shure-shure, kafin ka ankara an yi asara.

Saboda haka ga shawara. In za ka sayi dabba, duba ƙarƙashin wutsiya, hantsa, hammata da tsakanin kofato. In kaska ta kama ka, kada ka zuba mata kananzir, kada ka ƙona ta da ashana, kada ka matse ta. Sa hantsaki ka kama ta dab da fata, ka ja a hankali a miƙe, ka wanke wurin da sabulu. In zazzaɓi ya biyo baya, je asibiti, mu mutanen Tarauni ga Asibitin Malam Aminu Kano nan a kusa. Kuma don Allah ka faɗa wa likita cewa kaska ta cije ka, ko kana kiwo. Wannan 'yar maganar na iya rage maka wahalar makonni.

Ku tura wa wanda kuka san yana kiwo a gida. Allah Ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.