Koren ruwa da masu cin kifinmu: jawabi ga masu ramin kifi a lambu

(Wannan shi ne jawabin da tafintan ofishin kariya ya yi wa masu lambu da masu kiwon kifi a sansanin Sayam Forage, jihar Diffa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.)



Wani zai ce, me ya haɗa ofishin kariya da kifi? Abin da ya haɗa mu shi ne, maganar da ta fara da mataccen kifi sau da yawa a gabanmu take ƙarewa. Mutum ya tashi da safe ya tarar da kifinsa sun birkice ciki sama, sai ya ce maƙwabci ne ya zuba masa wani abu. Kifi ya ragu, sai a kama ɗan wani a doke shi. Saboda haka muka zauna da masu aikin noma da na ruwa, muka tattaro abin da za mu faɗa muku yau.

Da yawanku mutanen Baga ne, da Malam Fatori, da Damasak, waɗanda suka ƙetaro tun 2014 da 2015. Kun san tafkin Chadi da kogin Komadugu fiye da mu, ba mu isa mu koya muku kifi ba. Sai dai kamun kifi daban, kiwonsa daban. Tafki yana da faɗi, iska na kaɗa shi, ruwa na shiga yana fita. Ramin da aka shimfiɗa wa tamfol a gefen lambu kuwa, duk abin da ka zuba masa nan yake zama.

Mu fara da ruwan da ya koma kore. Abin da ke ba shi wannan launi ƙananan tsirrai ne, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya daga cikinsu. Rana suke so da taki. Takinsu shi ne kashin kifi, da sauran abincin da ya nutse ya ruɓe, da kashin kaji ko na awaki da wasu ke zubawa. Idan koren bai yi yawa ba, alheri ne. Karfasa tana cin waɗannan tsirrai, ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci su ma da su suke rayuwa, kuma tsuntsu ba ya hango kifi sosai a cikin irin wannan ruwa. Don haka kada ganin kore kawai ya sa ka kwashe ruwanka.

Ga yadda ake gane iyaka, ba sai da na'ura ba. Da hantsi, ka tsoma hannunka a ruwan a miƙe, tafin yana kallon sama. Idan tafin ya ɓace maka daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, wato wajen santimita 30 zuwa 40, ruwanka lafiya lau. Idan ka wuce gwiwa har yanzu kana ganin yatsunka, ruwan bai da abinci. Idan kuwa tun a wuyan hannu tafin ya ɓace, koren ya yi kauri, akwai haɗari. A yi wannan gwaji aƙalla sau biyu a mako.

Mene ne haɗarin? Kifi yana shaƙar iskar da ke narke a cikin ruwa, wadda ake kira oksijin. Da rana waɗannan tsirrai suna sakin ta. Da dare sai su daina, su koma shaƙarta tare da kifin. Dare na tsawo iskar na raguwa, ta kai ƙarshen ƙarancinta da asuba. Shi ya sa kifi ke mutuwa gab da wayewar gari, lokacin da babu mai gani, har zato ya tafi kan maƙwabci. Ruwa mai ɗumi kuma bai riƙe iska kamar mai sanyi, saboda haka watannin Afrilu da Mayu, da zafin Diffa ke haura digiri 40, su ne mafi tsanani. Haka ma idan aka jera kwanaki ana hazo ko hadari ya rufe rana.

To, bayan sallar asuba, kafin ka wuce ko'ina, ka leƙa raminka. Idan ka ga karfasa sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, iska ce ta ƙare musu. Tarwaɗa ta fi juriya domin tana iya shaƙar iskar sarari, ɗagowarta sama lokaci zuwa lokaci al'adarta ce. Amma ita ma idan ta rataye a sama ba ta komawa ƙasa, ko ta ƙi abinci, ruwan ya lalace.

Abin yi a irin wannan safiya: a tsayar da abinci yini ɗaya ko biyu, kifi ba ya mutuwa don wannan. A daina zuba taki. A riƙa ɗiban ruwan da bokiti ana watsa shi daga sama domin iska ta shige shi. Sannan a rage kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, daga ƙasa inda datti ya kwanta, a ƙara sabo a hankali. Kada a sauya shi gaba ɗaya a lokaci guda, kifi ba ya son canji na farat ɗaya. Wanda aka kwashe kuma kada ya tafi a banza, a kai shi kan tumatir, albasa, yakuwa da tattasai, taki ne mai kyau.

Ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan lokaci abinci ne ya yi yawa. Ka ba kifi abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15, idan ka ga saura yana yawo, gobe ka rage. Sauran tuwo da miya mai mai ba na rami ba ne. Ka rufe kamar kashi ɗaya cikin uku na saman ramin da zana domin inuwa, hakan na rage yaɗuwar koren, yana kuma sanyaya ruwan.

Akwai wani kore da muke so ku ji tsoronsa: wanda ke taruwa a sama kamar an zuba fenti, wani lokaci da shuɗi-shuɗi, yana wari. Irin wannan yana iya ɗauke da dafi. A yaye shi da ƙwarya ko tsumma a binne, kada akuya ta sha ruwan, kada yaro ya taɓa, wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu. Kifin da aka tarar a mace ba a san dalili ba, shi ma a binne shi, kada a dafa, kada a banda a kai kasuwa.

Yanzu maganar sabon ruwa, wadda ta shafi kowa, har wanda ba shi da kifi ko ɗaya. Rami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1, lita 6,000 yake ci. Kashi ɗaya cikin huɗu lita 1,500 ke nan, wato jarka 75 mai cin lita 20. Ma'aunin da hukumar HCR ke nema wa kowane mutum a sansani lita 20 ne a rana. Kun ga canjin ruwa ɗaya ya kai rabon mutum 75 na yini guda. Wanda ya jera jarkokin kifi a layin famfo alhali mata na jiran ruwan girki, ya tayar da rigima da hannunsa. Ku zauna da kwamitin ruwa a tsara wurin ɗiba da lokacinsa, wanda bai haƙa rami ba tukuna kuma ya fara da wannan tambayar. Ku sani kuma ruwan da aka sa wa kulorin domin sha yana ƙona matsatsin numfashin kifi. Idan shi za a yi amfani da shi, a bar shi a buɗaɗɗiyar duro kwana ɗaya ko biyu tukuna. Ruwan Javel da ƙwayar tsabtace ruwan sha, kada a kuskura a sa su a rami wai don kashe kore, da kifin za su tafi.

Mu koma ga masu cin kifin. Na farkonsu a cikin ramin yake kwana. Tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. A cikin iri ɗaya da aka zuba rana ɗaya, wasu kan yi saurin girma, su riƙa haɗiye ƙanana. Mai rami ya zuba ɗari biyu, ranar kwashewa ya ga ba su kai ba, ya ce sata ce. Maganinsa tacewa: duk bayan mako biyu a watannin farko, a fitar da manyan a ware musu wuri, a yi aikin da sanyin safiya. Kafin a zuba sabon iri kuma a zazzage ramin a shanya shi, domin tarwaɗa ɗaya da ta ɓuya a laka ta isa ta gama da su. Ruwan da aka ɗebo daga tafki ko kududdufi a tace shi da ƙyalle, don kada ƙwarin ruwa da ƙwan kwaɗi su biyo shi.

Sai tsuntsaye. Zalɓe yana zuwa da sassafe ko da magariba, ya tsaya a inda ruwa bai da zurfi ya jira. Balbela da shirwa su ma ba sa ƙin ɗan kifi. Mutum-mutumi da gwangwani mai ƙara suna aiki na 'yan kwanaki, daga nan tsuntsu ya saba. Abin da ke hana su shi ne tsohuwar koma da aka ɗaure a kan turaku, ta ɗaga daga ruwan kamar kamu ɗaya don kada baki ya kai. Wanda ba shi da koma ya ja igiyoyi kusa da kusa, tsaye da kwance. Bakin ramin kuma ya sauka a miƙe, yadda zalɓe ba zai samu wurin tsayawa ba.

Roƙonmu a nan, kada a rufe rami da gidan sauro. Wanda ake rabawa akwai maganin kashe sauro a jikinsa, maganin kuma dafi ne ga kifi. Sannan duk gidan sauron da ya tafi lambu, akwai yaron da ya kwana a buɗe.

Guza, maciji, manyan kwaɗi da kyanwa ta ƙasa suke zuwa. A share ciyawa da tarkace kewaye da ramin, a yi shinge na zana ko kara mai matsi, a binne gindinsa a ƙasa don kada a bi ta ƙarƙashi. Kada a zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin tamfol ba a duba ba. Wanda maciji ya sara a kai shi asibiti nan take, ba tsaga, ba ɗauri.

Guba kuwa, a bar ta kwata-kwata. Kifin da aka shafa wa maganin ɓera ko na feshi aka ajiye wa guza, bai san guza daga kazar maƙwabci ba, bai san yaro mai rarrafe ba. Ruwan sama na farko kuma zai kora maganin zuwa cikin ramin da kake karewa.

Iyayenmu mata, ga abin da ya fi kifin duka. Bakin rami mai miƙewa da ke hana zalɓe, shi ne kuma ke hana yaro fitowa idan ya faɗa, ga tamfol da santsi, ga koren ruwa ba a ganin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne suka fi mutuwa a ruwa. Yaro yana nutsewa shiru, babu ihu, cikin 'yan mintuna, ko da ruwan bai kai gwiwar babba ba. Komar da ke sama ba ta ɗaukar nauyinsa. Saboda haka shingen nan ya kai ƙirjin babban mutum, ya zagaye ramin ta kowane gefe, da ƙofa mai ɗauri a sama inda hannun yaro bai kai ba. Kada a ɗora wa 'yar shekara bakwai tsaron ƙaninta a bakin ruwa. Idan yaro ya ɓace, a fara duba rami kafin ko'ina. Idan an ciro shi, a kira ma'aikatan lafiya, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo yana wasa. Haka nan ramin kifi ba wurin wanka ba ne, ba kuma wurin fitsari ba, domin ta haka tsargiya ke yaɗuwa. Wanda ya daina kiwo ya cike raminsa da ƙasa, kada ya bar wa sauro da yaran unguwa.

Sata ma tana faruwa, ba mu musanta ba. Amma kafin ka ambaci sunan kowa, ka tambayi kanka: yaya ruwan yake da asuba? Yaushe na tace kifin nan? Akwai sawun tsuntsu ko na guza a laka? Idan bayan haka ka tabbata hannun mutum ne, ka kai maganar ga shugaban unguwa ko ka zo ofishinmu. Idan yaro ne, a kira iyayensa a zauna, ba duka, ba ɗaurewa, ba zagaya gari da shi. Sau da yawa yunwa ce ta turo shi, mu kuma muna so mu san wannan gida. Gadin dare na manya ne, bibbiyu, da fitila. Kada a tura yara ko mace ita kaɗai.

Abin da muke roƙo a wannan mako shi ne kowace unguwa ta zagaya ramukanta tare da 'yan kwamitin lambu. A duba shinge da ƙofa, a tsoma hannu a gwada ruwa. Gidan da babu mai ƙarfin kafa shinge, kamar na tsofaffi da matan da ke riƙe da marayu, samari su taimaka, a kuma kawo mana sunan gidan.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, da Hausa ko da Barbarci, za mu fassara. Allah ya sa albarka a abin da kuke kiwo, ya tsare mana yaranmu.