Malamin da Ya Riƙe 'Ya'yanmu Amana: Jawabi Kan Karrama Malaman Jami'a



An nemi in yi magana a kan karrama malaman jami'a waɗanda suka yi fice wajen koyarwa da tarbiyyar ɗalibai. Na san wani zai ce a ransa, mu da muke fama da maganar rumfunan kasuwa, da haraji, da takardar shaidar asali, me ya haɗa mu da yabon farfesa? To jama'a, haɗin yana da ƙarfi, kuma shi nake so in bayyana.

Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko wurin da ya fito. Sashe na 15 kuma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa haƙƙin zama a duk inda ya zaɓa. Wannan shi ne abin da ke rubuce. Amma ku dubi yaron da aka haifa a nan Uwani, ko Asata, ko Gariki, ko a unguwannin Hausawa na Anacha da Fatakwal. Ya yi firamare da sakandare a nan, ya san harshen mutanen gari kamar ɗan gari. Ranar da zai nemi jami'ar tarayya sai ya tarar an kasa gurabe uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 na 'yan jihohin yankin da jami'ar take, kashi 20 na jihohin da suke baya a karatun boko. Lissafin kuwa da jihar asali ake yin sa, ba da wurin haihuwa ba. Sai ya kama hanyar wata ƙaramar hukuma a Kano ko Sakkwato, wadda watakila bai taɓa kwana a cikinta ba, don karɓo takarda. Wasu jami'o'in jihohi ma kuɗin makarantar wanda ba ɗan jiha ba ya fi na ɗan jiha.

Idan ya tsallake duk wannan ya shiga, ba shi da kawu a ofis, ba shi da ɗan garinsu a majalisar jami'a. Daga nan makomarsa tana hannun mutum ɗaya ko biyu: malamin da zai duba takardar jarrabawarsa, da wanda zai kula da bincikensa na shekarar ƙarshe, da wanda zai rubuta masa takardar shaida idan zai nemi aiki ko ƙarin karatu. Idan malamin ya dubi aikin yaron bai dubi sunansa ba, sashe na 42 ya yi aiki. Idan kuwa ya yi akasin haka, da wuya a sami kotun da za ta ji labari. Shi ya sa nake cewa malami mai adalci yana cikin manyan masu kare haƙƙin 'ya'yanmu.

Yanzu mu tambayi kanmu, wa ke saka wa irin wannan malami? A jami'o'inmu, ƙarin girma ya fi dogara da yawan maƙalu da littattafan da mutum ya wallafa. Kafin a naɗa farfesa, ana aika rubuce-rubucensa ga masana na wasu jami'o'i su auna. Awoyin da ya ɓata yana gyara wa ɗalibi babi na biyu, ko yana rarrashin wadda take shirin barin karatu saboda kuɗi, nauyinsu a sikelin nan kaɗan ne. Lambar girmamawa ta ƙasa ta masana, wadda aka kafa a 1979, Chinua Achebe yana cikin waɗanda suka fara karɓa, ta bincike da ƙirƙira ce. Lambar da Maltina ke bayarwa tun 2015 ta malaman sakandare ce. Ga kuma halin da malaman jami'a suke aiki a ciki: a 2022 kaɗai yajin aikin ASUU ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya daure da wannan, bai sayar da maki ba, bai tilasta wa kowa sayen takardun darasi ba, ya cancanci a ce masa sannu a bainar jama'a.

Kuma mu tuna, musayar malamai tsakanin Arewa da Gabas tsohon al'amari ne. Marigayi Farfesa Umaru Shehu, likita ɗan Borno wanda ya rasu a 2023, shi ne ya shugabanci Jami'ar Nijeriya ta Nsukka daga 1978 zuwa 1980. A daidai lokacin, Farfesa James Ezeilo, masanin lissafi wanda ya riƙe Nsukka kafin shi, ya tafi Kano ya shugabanci Jami'ar Bayero. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya taɓa zama uban Jami'ar Nsukka. A garin nan na Inugu kuwa, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne magajin gari na farko a shekarun 1950. Saboda haka idan muka shiga harabar jami'a ta Inugu, ko ta Awka, ko ta Fatakwal don gode wa malami, muna bin sawun magabata ne.

Ga shawarwarina guda huɗu.

Na farko, ɗaliban da suka riga suka gama su ne za su kawo sunaye. Wanda ke jiran maki ba ya iya faɗin gaskiya cikin kwanciyar hankali, kuma kada karramawa ta zama toshiyar baki.

Na biyu, ma'auni ya zama a fili: yana zuwa aji a kan lokaci, yana mayar da aikin ɗalibi da gyara, ƙofarsa a buɗe take, ba ya karɓar kuɗi, yana mutunta 'yan mata, ba ya tambayar garinku kafin ya taimake ka. Ba ruwanmu da ƙabilarsa ko addininsa. Mafi yawan waɗanda za mu karrama Ibo ne da sauran 'yan Kudu, kuma haka ya dace, domin su ne suke koyar da 'ya'yanmu.

Na uku, kada mu tsaya ga allon yabo da hoto. A rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya zuwa ga shugaban jami'a da shugaban sashensa, a bayyana abin da malamin ya yi, a roƙi a saka ta a fayil ɗinsa. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, lokaci ne da ya dace da wannan.

Na huɗu, kwamitin da zai tattara yabo shi ne kuma zai saurari koke. Ɗalibar da aka matsa wa, ko ɗalibin da aka riƙe wa sakamako babu dalili, su sami inda za su je a asirce, a raka su ofishin kula da ɗalibai. Ƙungiyar da aka santa da yabon nagari, ranar da ta kawo ƙorafi za a saurare ta da kunnen basira.

Iyaye, idan yaranku sun dawo hutu, ku tambaye su wane malami ne ya tsaya musu, ku rubuta sunansa ku kawo wa sakatare. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, kuma babu kyautar da ta kai a mayar maka da ɗanka da ilimi da mutuncinsa.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.