Gyaran gida: ina za a kai shara?

Wannan jawabi ne na malamin tsabta ga manoma masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci.



Rani lokacin gyaran gida ne. Wani yana ta da katanga, wani yaɓe, wani sabon rumbu. In aiki ya ƙare sai a bar tulin ƙasa, tsohon bunu, kwanon rufi da ƙusoshi a ƙofar gida. To, magidanci mai hankali tun bai sa magini ba yake sanin inda zai kai wannan shara.

Dalili shi ne ruwa. Shara in ta toshe hanyar ruwa, ruwa ya kwanta gindin katanga, ya jiƙa ta, ta faɗi. A damanar 2024 ruwa ya rushe gidaje da yawa a Nijar, mutane sama da 300 sun rasu, jihar Maraɗi ta fi shan wahala. A watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe.

Na farko, a raba shara kashi uku.

1. Tsohuwar ƙasa. Ba ta zubarwa ba ce. A jiƙa ta a sake buga tubali, ko a cike kwari da ita.

2. Abin da ke ruɓewa: bunu, kara, toka, kashin dabbobi. A haƙa rami mai zurfin mita 1, a zuba, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Bayan kamar wata 3 ya zama taki, sai gona. Ramin ya yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30. A tuna da kwalarar da ta kama mutane a Madarunfa a 2018: ƙazanta cikin ruwan sha ke kawo ta.

3. Abin da ba ya ruɓewa: leda, gwangwani, kwalba, taya, pil. Gwangwani da taya suna tara ruwa, sauro ya haihu ciki. Akuya in ta ci leda, cikinta ya cushe, ta rame, ta mutu. Shi ya sa gwamnati ta yi dokar hana ledar zuba kaya a 2014. Kada a ƙona leda da pil, hayaƙinsu guba ne. Ƙarfe kuwa a kai wa maƙeri, kuɗi ne.

Na biyu, kwasa. Wanda ba shi da amalanke ya yi haya. Kafin a ɗaura jaki, a shirya da mai amalanke kan abu uku: kuɗin kowane sawu, yawan sawu, da wurin zubarwa. A yi maganar gaban shaida. A biya bayan an ga inda ya zuba, don wani sai ya juye a bakin tabki ko gonar maƙwabci, a koma shari'a gaban maigari. A ƙauye maigari ke nuna wurin juji. A birni a tambayi ma'aikatar magajin gari. Maƙwabta biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi, ko a kira gayya.

Na uku, yara. Kada su yi wasa kan tulin gini. Wanda ƙusa ta soke, a wanke da sabulu, a kai shi likita ranar nan, saboda ciwon sarƙe haƙora.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damana mai albarka.